Rabin Kan Hajiya Falmata

Ran nan wata yarinya ta shigo gidana da waya a hannu, ta ce in yi mata irin kitson da ke ciki. Na karɓa na duba. Mace ce a hoton, an ja mata gashi har girarta ta haye tsakiyar goshi, idanu sun tsaya cak kamar na tunkiyar da anka ƙone kanta. Na ce, "Wagga da ranta anka ɗauki hoton?"

Ta ce, "Haba Inna, yayi ne. Ni ma na iya, a waya na koya. Don dai mutum ba ya kitsa kansa ne."

To, ku 'yan matan da kunka koya a waya, ku matso ku ji. Ni ban taɓa zama aji ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Sunana Kulu, a Gwashi anka haife ni, aure ya kawo ni Anka, kuma tun ban isa ɗaukar tulu ba nake riƙe da kawunan mutane. Kuna gani kamar abin wasa ne: a raba gashi uku, a tufke, a ja. To ai ko mai tufkar igiyar guga haka yake yi, ba wadda ta taɓa kai mashi kanta.

Gwaggo Dije ce ta koya mini, matar kawuna, Bafulatana ce siririya mai ƙarancin magana. Ba ta fara ba ni kai ba. Bakin fadama ta kai ni, ta nuna mini ciyawa mai dogon ganye da ke tsaye da saiwarta, ta ce, "Kitsa." Na durƙusa na kama, na sa ƙarfi don ta ga ni ba raguwa ba ce. Ciyawa ta tumɓuke, ga ta a hannuna da ƙasarta. Ta ce, "Kin cire wa matar mutane kai. Koma waccan." Na koma, na lallaɓa a hankali. Ina sakin hannu iska ta kaɗa, kitso ya warware. Ta ce, "Wannan kuma kafin ta kai ƙofar gida ta koma mahaukaciya." Haka na shafe damina guda ina tumɓuke fadamar Gwashi, har masu awaki sunka fara yi mini godiya.

A wurinta na ji cewa ja daban, kamu daban. Ja, shi ne ki ɗora wa fatar kai nauyin aikinki. Kamu, shi ne gashi ya riƙe ɗan'uwansa, fata tana zaune lafiya a ƙasa. Kitso in ya kamu, za ki taɓa shi ki ji shi tamau, amma mai shi tana iya dariya, tana iya tauna, tana iya kai goshi ƙasa a sallah. In ja anka yi, shi ma tamau za ki ji shi, ido ba ya rabewa a ranar farko. Sai gobe ƙuraje su jeru a gindin tsaga, jibi kai ya ɗaure, baɗi gashin goshi ya kama hanyar ƙeya. Akwai kuma sako-sako, aikin raguwa, wanda ko kwana biyu ba ya yi. Tsakanin waɗannan biyun hanya ce siririya, a kanta na yi rayuwata.

Kayan aikina ba su cika ƙaramar ƙwarya ba. Akwai kibiya ta tsaga da tsifa, wani maƙeri a Bukkuyum ya ƙera mini ita tun ina amarya, bakinta ya sule saboda aiki, ba ta yanka ba ta karce. Akwai mataji na icce. Na roba da kuke saye a kasuwa, in ya haɗu da gashin kirki haƙoransa yake bari a ciki, ki koma tsince su kamar tsakuwa a shinkafa. Akwai man shanu a ɗan gwangwani, da tsumman da nake shimfiɗawa a cinya, da kujera 'yar tsugunno. Sai cinyar ita kanta, wadda ba a saye. Mace za ta kwanta ta ɗora miki kanta, ta juya miki ƙeya, kina riƙe da ƙarfe mai tsini. Ko mijinta ba kullum take yi mashi haka ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Ranar da Gwaggo Dije ta fara ba ni kan mutum, wata ƙawarta ce daga ruga. Ina yi ina tambaya, "Da zafi?" Ta ce, "A'a." Na ƙara gaba, "Yanzu fa?" Ta ce, "Babu komi." Sai na ji dundu a baya. Gwaggo ta ce, "Wa kike tambaya? Ko kunne kika cire mata a'a za ta ce. Dubi ƙafarta." Na duba. Babban yatsan ƙafarta ya lanƙwashe ya kafe a tabarma, kamar zai huda ta. Na sassauta hannu kaɗan, sai ga shi ya miƙe ya kwanta. Tun daga ranar ban sake tambayar mace ko da zafi ba. Baki yana da kunya, yana da kara, yana da alfahari. Ni hannuna na kai, idona na ƙafa.

Na ga kawuna iri-iri. Akwai mai cewa "wayyo" tun ba ki taɓa ta ba. Akwai mai kawo miki gashi tsawon ɗan yatsa ta ce shuku take so irin na maƙwabciyarta. Akwai wadda ba kitson ya kawo ta ba, labarin unguwa ta zo ji, in kin gama ta ce ki warware layi biyu ba su yi mata ba, don dai a ƙarasa zancen da anka fara. Akwai matan Duza da na Tungar Daji, lokacin da ake dakan dutsen zinariya a cikin gidaje, in kin kaɗa mataji sai ƙura ta tashi fari fat. Da anka gane ƙurar nan ce ke kashe yara, na kafa doka, ba wadda za ta hau cinyata sai ta wanke kai, ni ma in wanke hannu kafin in taɓa tuwo. Wasu sun ce na cika tsanani. Na ce e, na cika.

Amma duk cikin masu zuwa, biyu ne ke cika mini gida ranar kasuwa.

Ta farko Hajiya Falmata, Babarbariya ce, mijinta ya zo daga gabas yana sayen zinariya a hannun masu haƙa. Mace ce mai jiki, mai murya, ƙamshin turarenta kan riga ta sallama. Duk matan masu harkar zinariya ita suke bi. Inda ta kai kanta nan suke kai nasu, don haka rabin aikina a bayanta yake shigowa. Ita kullum ƙorafinta ɗaya, "Inna Kulu, kin ja." In duba ƙafa in ga yatsa a kwance yana hutawa, in ce, "Hajiya, kwanta."

Ta biyu Dudu, mai tallar nono daga wata ruga ta yamma da gari. Fulani su kan kitsa junansu, amma ta ji labarin hannun Gwaggo Dije ne a hannuna, ta zo sau ɗaya, ta zarce. Gashinta dogo ne mai santsi, irin mai zamewa daga yatsa, sai wadda ta san kamu. In ta sayar da nono ta biyo, ta aje ƙwarya a gindin darbejiya, ta ce, "Adda Kulu, na zo." Ita ce kuma mai kawo mini man shanun aiki.

Kun dai san abin da ke tsakanin Barebari da Fulani, wasa ne tun na kakanni, kowa na cewa ɗayan bawansa ne, kuma ba a fushi. To waɗannan biyun sun ɗauki abin kamar aikin albashi. Dudu na sallama Hajiya za ta ɗago daga cinyata, in danna kan ya koma, ta yi magana a hakan.

"Ga baiwata nan ta iso. Fulata, yau guga nawa kika zuba a nonon?"

"Daidai hankalinki na zuba," in ji Dudu. "Mai kauri ai na 'ya'ya ne."

"Ji bakinta. Da tsohon zane kakana ya sayi kakarki, har ya ce an cuce shi."

"Mu da munka sayi taki sai da munka zane mata fuska, don in ta ɓace a kasuwa a maido mana. Ga shi har yau ba a daina ba."

Mata su yi ta dariya har wata ta ƙware. Ni ba na dariya, kibiya na hannuna. Bayan an gama zagin Hajiya ta saye rabin nonon, ta sha a nan, tana sha tana cewa ruwa ne zalla. Shekaru muna haka. Da Dudu ta aurar da ɗiyarta, turaren ɗakin amarya daga gidan Hajiya ya fito, da saƙon cewa a rage warin shanu.

Sai shekarar nan ta zo, ba sai na gaya muku wacce ba, kuna da wayo lokacin. Hanyoyi sunka lalace, mutanen daji na tare motoci, ƙauyuka na tashi su kwararo gari. Zama ya koma na ɗar-ɗar, ko faifai ya faɗi sai kowa ya waiga. Ni a wuyan mata na fara gani. Mace za ta kwanta, kai na cinyata amma wuya bai sauka ba, ya sage kamar muciya, kunne na waje. Kan da ya ɗaure kuwa ba ya kitsuwa. Fatar ta riga ta ja kanta, ko yaya kika taɓa zafi ne. Matan ƙauye da sunka yi gudun hijira kuma sai su ce, "Inna, ja shi da kyau ya daɗe, ba mu san ranar da za mu sake zama ba." In ce, "Zan kama shi ya daɗe. Ja kam, abin da ke bisa kanki ya isa." Aiki ya ragu, biki ya ragu, man shanu ya ɓace, na koma shafa na kanti mai warin kananzir.

A cikin haka anka tare motar da Bukar ke ciki, babban ɗan Hajiya, a hanyarsa ta dawowa daga wurin haƙa. Ya daɗe a hannunsu. Da Allah ya kuɓutar da shi ya dawo da rauni a bayan kunne, inda anka buga mashi gindin bindiga. Na je barka na gani da idona, tabo ne mai kusurwa, gashi bai sake tsirowa a wurin ba.

Dudu kuwa ta daina shigowa gari, ita da sauran masu nono. A bakin mutane duk wanda ya fito daga ruga ɗaya ne da masu tare hanya. Wata maƙwabciyata, Saratu, har ta ja ni gefe ta ce, "Inna Kulu, in waccan taki ta dawo kar ki bari ta shigo. Su ne ke ƙirga gidaje suna kai labari. In ta zauna a tabarmarki mu mun tashi." Na ce mata na ji. Ban ce na yarda ba. Amma na san lissafin: Saratu in ta tashi ita kaɗai ta tashi, Hajiya in ta tashi da rabin gari za ta tafi, Dudu kuma in anka kore ta daga tabarmata ba sauran ƙofar da za ta yi sallama a Anka.

Wata ranar kasuwa da hantsi ina yi wa Hajiya kitson zane, na gama ɓangaren dama, na hagu na tsaye buzu-buzu kamar sheƙar shaho. Saratu da wata mata na jiran layi. Sai munka ji sallama a hankali daga zaure. Tun kafin in ɗaga ido na san ko wace ce, don wuyan da ke cinyata ya sandare a take.

Dudu ce, ta rame, ƙwarya a kai rufe da faifai. Ta tsaya daga bakin zaure ba ta ƙaraso gindin darbejiya ba. Ta ce, "Adda Kulu, na zo."

Na ce, "Na gan ki. Shigo."

Saratu ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta ce ta bar tukunya a wuta. Ɗayar ta gyara zama ta juya baya. Kowa na jiran Hajiya. Ta ɗago a hankali, wannan karon ban danna kan ba. Ta dubi Dudu, ta ce, "Sannu da zuwa, baiwar Allah. An zo lafiya?"

Dudu ta ce, "Lafiya lau, Hajiya. Ya gida?"

"Alhamdu lillahi."

Ku yara ba za ku gane ba, za ku ce ai gaisuwa ce mai kyau. Tunda nake da su ban taɓa jin ta ce mata baiwar Allah ba, baiwata take cewa. Ita ma Dudu ba ta taɓa kiranta Hajiya ba. Da ashar ta ɗura mata da ya fi sauƙi. Wannan gaisuwar rufe ƙofa ce da sakata.

Hajiya ta koma ta kwanta, ta ce, "Inna Kulu, yi sauri ki ƙarasa, ina da abin yi." Na kama gashi na fara layi. Na dubi ƙafa, yatsa ya kafe. Na sassauta, yana nan a kafe. Na saki gashin gaba ɗaya, bai motsa ba. Sai na aje kibiya.

Na ce, "Hajiya, tashi. Kanki ya ɗaure, ba ya kitsuwa."

"Kamar yaya ba ya kitsuwa? Rabi fa kika yi."

"Rabin da ya yarda na yi. In na ci gaba a haka gobe ki kwana da ciwon kai ki ce Kulu ta ja. Zauna can ki sha iska, in ya sake sai mu ƙarasa."

Ta san dokata, ba a fita gidana da rabin kai. Ko ba doka ma, Hajiya Falmata ba macen da za ta ratsa kasuwa da gefe ɗaya a kumbure ƙarƙashin ɗankwali ba ce, matan da ke binta su gani. Ta koma kan turmi ta zauna tana huci, rabi amarya rabi dodo.

Na ce, "Dudu, zo."

Ta aje ƙwarya kusa da turmin, don nan ne kawai inuwa ta rage. Ta kwanta, ta zame ɗankwali. Ban taɓa ganin kanta haka ba. Tsohon kitsona ne na tun kafin damina, ya cuɗe ya dunƙule, furfura ta keto ta ko'ina. Irin wannan tsifar ta fi kitso wuya, sai da mai, sai da haƙuri, sili-sili. Wuyanta kuwa ko taɓa cinyata bai yi ba, a sama take riƙe da kanta, ƙeyarta na kallon Hajiya. Yatsun ƙafa duka goma sun tattare.

Na fara daga jela ina hawa. Na ce, "Ina mutanen gida?"

"Suna nan, Adda. Mun matso kusa da titi."

"Shanu fa?"

"Sun tafi kiwo."

"Tun yaushe?"

Ta ce, "An kwana biyu."

Na ci gaba da tsifa. Da na iso bayan kunnen hagu sai kibiya ta zame a kan fata mai sulɓi. Na buɗa gashin. Tabo ne, bai daɗe da warkewa ba, ba gashi a kansa.

Na ce, "Mi ya same ki nan?"

"Reshe ne, Adda."

Na ga tabon reshe, na ga na ƙaho, na ga na faɗuwa daga jaki. Ba ɗayansu mai kusurwa. Irin wannan a bayan kunnen Bukar kaɗai na taɓa ganinshi. Na dai ɗaga murya na ce, "Hajiya, hannuna biyu ne. Zo ki riƙe mini wanga gashi in shafa mai."

"Ni?"

"Akwai wata Hajiya a nan? Zaman banza kike yi."

Ta taso tana jan ƙafa, ta sunkuya, ta kama gashin da yatsa biyu kamar mai ɗaukar mataccen ɓera. Sai idonta ya sauka inda nake so ya sauka. Ta daɗe tana kallo. Ni ina ta shafa mai a inda ba ya bukatar mai. Na ga yatsa biyun sun zama biyar, riƙon ya koma na mai riƙe kan jariri. Ba ta tambaya ba, Dudu ba ta faɗa ba. Matar da ta juya baya ma ta waigo tana leƙe.

Da na ce ya isa, Hajiya ta koma kan turmi. Can sai ta sa ƙafa ta ɗan ture faifan da ke kan ƙwaryar. Ƙwarya wankakkiya, a bushe ƙayau. Dudu ta ɗauko ta ne kawai don ba ta san yadda ake shiga gari da kai ba kaya ba.

Hajiya ta gyara murya. Ta ce, "Fulata."

Kan da ke hannuna ya ƙara sandarewa.

"Rowar taki har ta kai nan? Da can nono da ruwa kike kawo mini. Yau ko ruwan babu."

Ni ban daina tsifa ba, idona na kan ƙafa. Na ayyana a raina cewa in Dudu ta amsa da "Ki yi haƙuri, Hajiya," shi ke nan, an binne abin.

Sai na ji murya daga cinyata, kamar daga cikin tulu. "Labari ya iske ni baiwata ta yi ƙiba ba ta iya aiki. Na ce a rage mata abinci."

Hajiya ta buga cinya. "Kun ji 'yar banza. Wata da watanni kin gudu, na sa a yi cigiya, anka ce wa zai wahala neman wannan."

"Ni da na bar ki ki ɗan huta. Dubi kanki, ko kitso ba a iya gama miki in ba na nan."

Matar da ke gefe ta tuntsire da dariya, ta toshe baki da mayafi. Ni kuwa ina kallo yatsun nan sunka fara sakewa, ƙaramin tukuna, sannan na kusa da shi, babban ne ya zo ƙarshe. Sai na ji nauyi ya sauka a cinyata. Kan mutum yana da nauyi, yara, ba za ku sani ba sai ranar da anka sakar muku shi duka.

Na gama tsifa, na taje, na tsaga, na fara kitso irin na Gwaggo Dije. Ban kai layi na uku ba numfashinta ya canza. Barci take, baki a ɗan buɗe, kamar wadda ta shekara ba ta runtsa ba. Na rage hannu na ci gaba. Mai mashin ɗin da ke ɗaukar Hajiya ya zo ƙofar gida yana ta matsa oda. Ta fita zaure da rabin kanta, na ji tana cewa, "Kai, kashe abin nan. Baiwata na barci. Tafi, na sallame ka."

Munka yi azahar, Dudu ta koma ta kwanta, na ƙarasa mata wajen la'asar. Ta shafa kai, ta ɗaura ɗankwali, ta ɗauki ƙwarya. Na ce, "Hajiya, zo mu gama naki." Na ga tana ɗaura nata ɗankwalin, gefe ɗaya a kwance, gefe ɗaya ya yi tudu.

Na ce, "Ba a fita gidana da rabin kai."

Ta ce, "Yau za a fita. Zuwa tasha ta cikin kasuwa ake bi. In na bar wannan ta tafi ita kaɗai wani zai tsince ta ya ce tashi ce, in yi asara."

Na bi su har bakin zaure. Hajiya na gaba da tudun kanta, Dudu na biye da busasshiyar ƙwarya. Tun daga ƙofar gidana ta buɗe murya, yadda masu shago da masu nama da 'yan mashin za su ji, tana ba da labarin tsohon zanen da anka sayi kakar Dudu da shi. Dudu na mayar mata, a hankali da farko, sannan da ƙarfi. Mutane na kallo. Duk garin an san ɗan wa anka tare a hanya, an kuma ga wadda uwarsa ke tafe da ita. Har sunka sha kwana ina jin muryarta.

Saratu ba ta sake hawa tabarmata ba, da wasu biyu. Matan masu zinariya kuwa sun ci gaba da zuwa, tunda uwar tafiyarsu ba ta fasa ba. Dudu na shigowa ranar kasuwa har yau. Nonon na 'yan'uwa take karɓowa ta sayar, kuma in ji Hajiya ruwan ya ƙaru.

Yarinyar nan mai waya, na yi mata kitson, amma irin nawa. Ta duba madubi ta ɗaga gira ta sauke, ta ce, "Inna, kamar bai ja ba." Na ce ta dawo bayan sati uku ta gaya mini. Ba ta dawo da ƙorafi ba, ƙawarta ta turo.

Rabin kan Hajiya kuwa, washegarin waccan ranar kasuwa da sassafe ta dawo da shi, ta ce mijinta ya tambaye ta ko sabon yayi ne. Ta kwanta, ta saki wuya, na kama layin farko. Ta ce, "Inna Kulu, kin ja."

Na dubi ƙafa. Yatsa na kwance abinsa.

Na ce, "Hajiya, kwanta."